Shagunan Sinawa a Kano da Zamantakewarsu da Mutanen Gari

Tun daga farkon shekarun 2000 'yan kasuwa daga ƙasar Sin suka fara yawaita a manyan biranen Afirka, suna kama hayar shaguna da ɗakunan ajiya, suna sayar da kayan da masana'antun ƙasarsu ke yi. A Dakar sun jeru a titin Centenaire, a Lusaka sun shiga kasuwar Kamwala, a Darussalam sun zauna a Kariakoo, a Legas kuma sun buɗe kasuwa tasu ta kansu a Ojota. A arewacin Najeriya Kano ce ta fi jan su, musamman Kantin Kwari, kasuwar da ake lissafawa cikin mafi girman kasuwannin yadi a Afirka ta Yamma, wadda masu sari ke zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru da Afirka ta Tsakiya. Wannan lacca za ta bi tarihin zuwansu, da yadda harkarsu ke gudana, da waɗanda suka amfana da waɗanda suka cutu, da irin zaman da ke tsakaninsu da Kanawa. Abin da bayanin zai nuna shi ne, tushen saɓanin da ake samu ba baƙunta ba ce. Tushensa shi ne matakin da kowa ya kamata ya tsaya a kai a cikin ciniki, da kuma rashin ƙa'idar da za ta tsayar da kowa a matakinsa.

Kano da baƙin 'yan kasuwa

Kano ta daɗe tana karɓar baƙi. Wangarawa sun zo daga Mali da addini da fatauci. An kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ta zama mahaɗar ayarin da ke ratsa Sahara. Larabawan Gadamas da Tarabulus sun zauna a cikin birni har unguwarsu ta ɗauki sunan Dandalin Turawa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari duk asalinsu baƙi ne, yau kuwa suna cikin ginshiƙan kasuwancin garin. Sa'ad da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus.

Wannan karɓar baƙi tana da tsari. Baƙon da ya zo da kaya yakan sauka a gidan fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Dillali ne ke haɗa shi da mai saye, ya karɓi la'adarsa. Baƙo ya kawo kaya da yawa, ɗan gari ya sara, ya raba wa na ƙasa da shi, har kayan su isa hannun mai sayen ɗai-ɗai. Kowane mataki yana ciyar da gidaje.

Bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, 'yan Siriya da Labanan, waɗanda Kanawa ke kira Kwara, suka kafa kantunan yadi a Fagge, a wurin da Kantin Kwari take a yau. Sun riƙe sarin yadi shekaru masu yawa, Hausawa na karɓar kaya a hannunsu. Dokar mayar da kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972, wadda aka ƙara wa ƙarfi a 1977, ta keɓe ƙananan harkokin saye da sayarwa ga 'yan Najeriya. Daga nan Kwara da yawa suka koma kafa masana'antu, yaransu na da suka gaji kantunan, suka zama manyan alhazan Kwari. Wannan tarihi yana da muhimmanci, domin da shi dattawan kasuwa ke auna duk wani baƙo da ya zo daga baya.

Zuwan Sinawa kashi biyu ne

Sinawan farko da suka zo Arewa masu masana'antu ne, akasarinsu daga Hong Kong, a shekarun 1960. Cha Chi Ming ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, wadda ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka. A Kano iyalan Lee sun kafa masana'antun kwanuka da robobi da silifa, har sunansu ya zama sananne a kowane gida. Waɗannan sun ɗauki dubban ma'aikata, sun sayi audugar Funtuwa da Gusau da sauran kayan gida, sun bar sayarwa a hannun dilolin gari. Duk da ƙorafin da ake yi kan albashi da yanayin aiki a wasu masana'antun, ba a taɓa yi musu kallon kishiyoyin 'yan kasuwa ba. Zuwansu ma ya riga ƙulla hulɗar jakadanci tsakanin Najeriya da Jamhuriyar Jama'ar Sin, wadda aka yi a watan Fabrairun 1971.

Kashi na biyu 'yan kasuwa ne daga babban yankin ƙasar Sin, kuma abubuwa da dama ne suka share musu hanya. A gida, shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, ya tsawwala kuɗin kayan gyaran injina. Wutar lantarki ta taɓarɓare, baƙin mai ya yi tsada, noman auduga ya ja baya. Dokar zuba jari ta 1995 ta kawar da ragowar shingayen da dokokin 1972 da 1977 suka fara kafawa, ta ba baƙo damar mallakar kamfani ɗungurungum. A waje kuma, gwamnatin Sin ta fara ƙarfafa wa kamfanoninta gwiwar fita neman kasuwa a ƙarshen shekarun 1990, ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a watan Disambar 2001, sannan yarjejeniyar da ke taƙaita cinikin tufafi tsakanin ƙasashe ta ƙare a farkon 2005. Masaƙun Najeriya, waɗanda suka haura 150 a shekarun 1980, suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. A Kano ma unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa suka cika da gine-ginen da babu motsi a cikinsu, wasu aka mayar da su ɗakunan ajiyar kayan waje.

Wajibi ne a faɗi cewa 'yan kasuwar Kano ne suka fara zuwa can. Daga Dubai suka gano hanyar Guangzhou da Yiwu da Keqiao, babbar kasuwar yadi ta lardin Zhejiang. Sukan tafi da samfurin atamfa ko shadda da ke tashe a gida, su ce a buga musu irinta a farashi mai sauƙi. Ta haka masu masana'antun Sin suka san zanen da matan Hausawa ke so, da launin da ke tafiya a lokacin sallah, da girman kasuwar da ke bayan waɗannan alhazai. Da suka ga yawan kwantenonin da ke tafiya gari guda, sai suka aiko wakilansu su zo su gani da ido. Waɗanda suka zo gani su ne suka zauna.

Yadda harkar ke gudana

Siffar kasuwancin Sinawa a Kano ta bambanta da ta wasu garuruwa. A ƙauyukan Lesotho da Namibiya da tsibiran Cape Verde, Basine kan zauna da kansa a bayan kanta yana sayar da takalmi ƙafa ɗaya ko tukunya guda. A Kano irin wannan bai yawaita ba. Abin da aka fi gani shi ne ofis ko shago a cikin kasuwa ko kusa da ita inda ake baje samfur, da sito a wani wuri inda diloli ke jibge, da yaran gari da ke tsaye tsakanin mai kaya da mai saye. Sau da yawa sunan ɗan gari ne a kan takardar haya, shi ne kuma ke zaune a shagon, amma kayan da farashin na Basine ne.

Ƙarfin wannan tsari yana wurare uku. Na farko, mai kayan yana da alaƙa kai tsaye da masaƙa, wani lokaci ma ta danginsa ce, don haka yana samun kaya a farashin da Bakano mai zuwa sari ba zai samu ba. Na biyu, yana iya ba da kaya bashi, a sayar a kawo kuɗi, domin jarinsa na da arha, alhali ɗan kasuwar gida na fama da tsadar dala da kuɗin ruwan banki mai nauyi, wanda da yawa ma ke guje wa saboda haramcin riba. Na uku shi ne sauri. Sabon zane zai fito yau, a ɗauki hotonsa da waya a tura, cikin 'yan makonni kwafinsa ya cika kasuwa.

Hanyar shigowar kayan ita ma tana da nata labarin. Gwamnatin tarayya ta haramta shigo da atamfa da wasu yadudduka a farkon shekarun 2000 don kare masaƙun gida, amma haramcin bai hana kaya shigowa ba. An riƙa sauke kwantenoni a Kwatano da Lome da sunan kayan Nijar, a bi da su ta Gaya zuwa Birnin Ƙonni ko Maraɗi, daga nan su tsallako ta Jibiya da sauran hanyoyi zuwa Kano. Wannan fasa-ƙwauri ba ya yiwuwa sai da manyan 'yan gari masu motoci da sanin hanya, da jami'an da ke kau da kai. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masu riba da masu asara

Ba daidai ba ne a ce Kanawa baki ɗaya suna ƙin Sinawa ko suna son su. Ra'ayin mutum ya danganta da inda abincinsa yake.

Mai saye shi ne na farko a cikin masu amfana. Turmin atamfa 'yar Holan ko 'yar Ingila, da shaddar Getzner ta Ostiriya, sun fi ƙarfin talaka. Atamfa da shadda da leshin Sin sun ba magidanci mai ƙaramin ƙarfi damar ɗinka wa iyalinsa kayan sallah, sun ba saurayi damar haɗa lefe, sun sa ankon biki ya zama abin da kowa ke iya shiga. Haka abin yake a sauran kayan da ba yadi ba. Wayoyin Tecno da Itel da Infinix da suka cika Farm Centre da titin Beirut, da babura irin su Jincheng da Lifan, da ƙananan janareto da fitilu masu caji da farantan sola, duk sun sauya rayuwar mutanen da a da ba sa mafarkin mallakar irinsu.

Masu gidaje da shaguna ma sun amfana, domin baƙon kan biya haya mai tsoka, shekara ɗaya ko biyu a dunƙule. 'Yan dako da direbobi da masu gadi da tafintoci sun samu aiki. Sai kuma wani rukuni na matasa, yaran shago da 'yan kayi-nayi, waɗanda a tsohon tsari sai sun yi wa ubangida hidima shekara da shekaru kafin a sallame su da jari. Da yawansu sun zama wakilan Sinawa, suna karɓar kaya bashi suna cin kamasho, wasu har suka buɗe shagunansu cikin ɗan lokaci. A wurin irin waɗannan, zuwan baƙin buɗi ne.

Masu asara su ma a bayyane suke. Alhajin da ke tafiya Guangzhou da kuɗinsa, ya biya jirgi da masauki da kuɗin fito, yakan dawo ya tarar da wanda ya sayar masa da kayan ya riga shi isowa, yana sayar da irinsu ƙasa da yadda shi ya saro. Matsakaitan 'yan sari sun rasa abokan cinikinsu na Agadas da Damagaram da Njamena da Marwa, waɗanda yanzu ake kai su sito kai tsaye. Hauhawar kuɗin haya ta kori masu ƙaramin jari daga shaguna zuwa tebura. Tsohuwar alaƙar ubangida da yaronsa, wadda ita ce makarantar koyon kasuwanci da riƙon amana, ta yi rauni.

Waɗanda abin ya fi yi wa ciwo su ne masu sana'ar hannu. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, da marinan Kura da masu rinin zamani da ke cikin unguwanni, sun dogara ne da farin yadi da suke rinawa su yi masa ado. Da aka fara shigo da yadin da inji ya buga wa irin wannan ado, mai kama da rinin hannu a ido amma a rabin kuɗi ko ƙasa da haka, sai ciniki ya tsaya musu. Mabuga da masu ɗaurin zane, waɗanda da yawansu mata ne a cikin gidaje, su ma abin ya shafe su.

Akwai kuma ƙorafin inganci. Kalmar "ɗan Chana" ta zama suna ga duk abin da ba ya ƙarko. Gaskiyar lamarin ita ce masana'antun Sin na yin kaya hawa-hawa, daga mai kyau ƙwarai zuwa na banza, kuma mai oda ne ke zaɓar wanda za a yi masa. Inda laifi yake ƙarara shi ne buga tambarin wani kamfani a kan jabu, da rage tsawon turmi ya gaza yadi shida, da sayar da roba da sunan auduga. Wannan ha'inci ne ko wane ne ya aikata shi, kuma addini da doka duk sun hana.

Lokutan da rikici ya fito fili

A watan Mayun 2012 hukumar shige da fice ta kama Sinawa 45 a Kano bisa zargin yin cinikin yadi a kasuwa ba tare da izinin da ya dace ba. Hukumar ta ce takardun zamansu ba su ba su damar zama a kasuwa suna sayar da kaya ba. Gwamnatin Sin ta shiga maganar ta hanyar jakadancinta, aka saki da yawa daga cikinsu, harka kuma ta ci gaba.

A 2015 hukumar kwastam ta rufe manyan ɗakunan ajiya da dama a Kano waɗanda ke maƙare da yadin da aka shigo da shi ba bisa ƙa'ida ba, kuma akwai Sinawa cikin waɗanda aka kama. A shekarar ce kuma marina suka yi jerin gwano zuwa fadar Sarkin Kano suna kukan cewa kayan Sin sun raba su da sana'arsu. Sarkin da suka kai wa kuka, Muhammadu Sanusi II, ya san batun tun kafin ya hau gadon sarauta. A watan Maris na 2013, yana gwamnan Babban Bankin Najeriya, ya rubuta maƙala a jaridar Financial Times inda ya yi gargaɗin cewa ƙasar da ke sayen ɗanyen kaya daga Afirka ta sayar mata da sarrafaffu tana maimaita tsarin da mulkin mallaka ya ginu a kai, ya kuma nemi Afirka ta ɗauki Sin a matsayin abokiyar gasa.

Irin wannan ƙorafi ya taso a kasuwar hatsi ta Dawanau da sauran kasuwannin amfanin gona, inda 'yan kasuwa suka koka cewa baƙi na tsallake su suna shiga ƙauyuka sayen riɗi da zoɓo da citta. A 2022 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da hana baƙi sayen amfanin gona kai tsaye daga hannun manoma. Ko a yadi ko a riɗi, kukan iri ɗaya ne: an tsallake na tsakiya.

Zaman yau da kullum

In ban da ciniki, cuɗanyar ɓangarorin biyu ba ta da yawa. Akasarin Sinawa na zaune ne rukuni-rukuni a gidaje masu katanga a unguwanni irin su Bompai da Nasarawa, suna dafa abincinsu, suna fita daga gida zuwa sito su koma. Matsalar tsaro, musamman bayan hare-haren Janairun 2012 a Kano da yawaitar satar mutane, ta ƙara musu ɗari-ɗari. Da yawansu ba su zo da niyyar zama ba. Shekaru kaɗan za su yi su tara abin da suka tara, wani ɗan'uwa ya canje su. Wannan ya bambanta su da Kwara, waɗanda suka hayayyafa a Kano, 'ya'yansu suka tashi da Hausa a baki, da yawansu kuma Musulmi ne da ake haɗuwa da su a masallaci da jana'iza.

Harshe babban shinge ne. Ciniki kan gudana da guntun Turanci da guntuwar Hausa da na'urar lissafi. Duk da haka akwai Sinawan da suka iya Hausa sosai har suka ɗauki sunayen Hausawa, akwai kuma samarin Kano da suka koyo Sinanci a Guangzhou ko a jami'o'in Sin suna aikin tafinta. Sashen Hausa na gidan rediyon ƙasar Sin yana watsa shirye-shirye tun 1963, ana kuma koyar da Hausa a jami'a a Beijing, amma wannan ilimi bai cika isa ga ɗan kasuwar da ke sito ba.

Saɓanin al'ada kan fito a ƙananan abubuwa masu nauyi. Bahaushe na ganin gaisuwa da tambayar iyali kafin ciniki wajibi ne, baƙon na ganin ɓata lokaci ne. Ma'aikaci na buƙatar lokacin salla da sassauci a watan azumi da izinin zuwa jana'iza, wani maigidan kuma bai san nauyin waɗannan ba sai an yi rigima. Tsawa a gaban jama'a, wadda wani zai ɗauka gyaran aiki ce, cin mutunci ce a wurin Bahaushe. Su ma Sinawa suna da nasu kuka: bashin da aka karɓa aka ƙi biya, yaran da suka gudu da kuɗin kaya, da jami'an da ke matsa musu da neman na goro.

Masarautar Kano ta bi tsohuwar hanyarta ta shigar da baƙi cikin tsari. A watan Afrilun 2019 Sarki Sanusi II ya naɗa wani ɗan kasuwa Basine, Mike Zhang, sarautar Wakilin 'Yan China, domin a samu wanda za a tuntuɓa idan matsala ta taso, kamar yadda sauran al'ummomin da ke zaune a Kano ke da shugabanninsu. Amfanin irin wannan wakilci ya bayyana a 2022, lokacin da wani Basine ya kashe wata matashiya a Kano, rai ya ɓaci ƙwarai a gari. Al'ummar Sinawa ta fito ta yi tir da kisan, aka bar shari'a ta yi aikinta, babbar kotun jiha ta yanke masa hukuncin kisa a watan Maris na 2024. Ba a huce a kan sauran Sinawa ba, kuma wannan abin a yaba wa Kanawa ne.

Abin da ke faruwa a wasu wurare ma yana shafar zukata. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, an kori 'yan Afirka daga gidaje da otal-otal a Guangzhou, har shugaban majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya gayyaci jakadan Sin don nuna ɓacin rai. A watan Afrilun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta rufe wani kantin Sinawa a Abuja bisa zargin hana 'yan Najeriya shiga. 'Yan kasuwa kan kuma yi nuni da wahalar da ɗan Najeriya ke sha kafin ya samu biza ko izinin zama a Sin, su tambaya me ya sa ba a yi wa juna adalci iri ɗaya.

Abin da wasu ƙasashe suka yi

A Dakar ƙungiyar 'yan kasuwa ta UNACOIS ta yi zanga-zangar adawa da shagunan Sinawa a 2002 da 2004, amma ƙungiyar kare masu saye ta ASCOSEN ta fito ta goyi bayan shagunan saboda sauƙin kaya. Daga baya ɗaruruwan matasa 'yan tebur suka kafa sana'a a bakin waɗannan shaguna, suna sara a ciki suna sayarwa a waje. Malawi ta yi doka a 2012 da ta taƙaita baƙin 'yan kasuwa ga manyan birane. Dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 ta keɓe ciniki a cikin kasuwanni ga 'yan ƙasa, ta kuma sharɗanta wa baƙon da ke son harkar saye da sayarwa jarin dala miliyan ɗaya da ɗaukar ƙwararrun 'yan Ghana 20. Sai dai wannan doka ta fi faɗawa kan 'yan Najeriya da ke Kumasi da Accra, abin da ke nuna cewa dokar korar baƙi takobi ce da ke iya saran Bahaushen da ke fatauci a ƙasar wani. 'Yan kasuwar Kampala sun yi tasu zanga-zangar a 2017, na Nairobi kuma a 2023 kan wani katafaren kanti mai suna China Square. A duk waɗannan wurare an ga abu ɗaya: inda doka ta hana baƙo ciniki amma ba a sa ido, sai ya sa ɗan ƙasa a gaba ya ci gaba da harkarsa.

Abin da ya kamata a yi

Na farko, a fayyace doka. A Najeriya ana yawan cewa baƙo ba shi da izinin sayar da kaya ɗai-ɗai, amma tun 1995 babu wata doka ɗaya bayyananniya da ta shata iyakar sari da sayarwa. Abin da ake riƙewa shi ne sharuɗɗan izinin kasuwanci da na zama. Wannan duhu ne ke ba da damar kame na lokaci-lokaci da karɓar rashawa. Ya kamata majalisa ta faɗi matakin da baƙo zai tsaya, da mafi ƙarancin adadin da zai sayar, a kuma hukunta ɗan ƙasar da ya ara masa suna.

Na biyu, a karkata jarin Sinawa zuwa masana'anta. Tarihin UNTL da kamfanonin Lee ya nuna cewa Basinen da ya kafa inji ya ɗauki ma'aikata yana samun karɓuwar da mai sito ba ya samu. Wannan ba zai yiwu ba sai da wutar lantarki tsayayya, da farfaɗo da noman auduga, da manufar da ba ta sauyawa duk bayan shekara biyu. Hana masu shigo da yadi dala a 2019, da rufe iyakoki daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da janye hanin dalar a 2023, duk ba su tayar da masaƙa ko ɗaya daga cikin manyan da suka mutu ba.

Na uku, a kare masu sana'ar hannu ta hanyar yi wa zanen rinin Kano rajista, da tilasta rubuta ƙasar da aka yi kaya da irin zarensa da tsawonsa a jikin kowane turmi.

Na huɗu, 'yan kasuwar Kwari su haɗa jari su riƙa yin oda tare, domin abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya a gaban masaƙa ba zai fi ƙarfin mutum ɗari ba. Shugabannin kasuwa da wakilan Sinawa su kafa zaman sulhu na dindindin kan bashi da haya da haƙƙin ma'aikata, a rubuta yarjejeniya da Hausa da Sinanci, a sanar da kowane sabon zuwa lokutan salla da ladubban gari.

Sinawa sun riga sun zama ɓangare na kasuwancin Kano, kuma talaka ba zai yarda a raba shi da kaya mai sauƙi ba. Haka nan gari ba zai zauna lafiya ba idan 'ya'yansa suka koma 'yan dako da 'yan kamasho a kasuwar da kakanninsu suka gina. Nauyin daidaita waɗannan biyun yana kan gwamnati da masarauta da shugabannin kasuwa, kuma ya kamata su ɗauke shi tun kafin wata rigimar ta tilasta musu.